Agogo Mai Wata a Lefen Mansura

Tun da hantsi Yaya Aminatu ta baje akwatunan lefe a tsakar gidansu na Ƙanƙara, tana ninke atamfofi tana mita. Ƙanenta Abdulƙarim ne ke neman aure, ita ce kuma uwa ita ce uba, don tun yana ƙarami iyayensu suka rasu ta ƙarasa rainonsa. Komai ya kammala, leshi da shadda, takalma da jakunkuna, turaruka, har da sarƙar da ta yi takakkiya zuwa Funtuwa ta zaɓo da kanta. Agogon amarya kaɗai ya rage, shi ya hana ta rufe akwatin ƙarshe.

Abdulƙarim ya fito daga ɗaki da wata 'yar baƙar jaka, ya zauna a gefen tabarma. Shekaru ya yi a Dubai, a shagon wani dattijo mai sayar da agoguna na alfarma. Da sharar shago ya fara, har ya kai ana yarda ya buɗe bayan agogo ya duba cikinsa. Da zai dawo gida dattijon ya ba shi agoguna uku na mata, ya ce ya kai wa wani dillali a Kano biyu, ɗayan kuma ya zaɓa wa amaryarsa, ladan zaman amana.

Tun da ya dawo bai samu natsuwa ba. Garin ya yi masa wani iri. Mutane na shigewa gida da wuri, in babur ya wuce da gudu sai hira ta tsaya har sai ƙararsa ta ɓace. Shi kuwa ya zauna nan, ya tashi ya koma can, kamar baƙon da ke jiran mota.

Ya jera agogunan a kan farin ƙyalle. Na farko ruwan gwal ne, an zagaye fuskarsa da ƙananan duwatsu masu ɗaukar ido. Na biyu siriri ne, fari sol, babu ado ko ɗaya, irin na matan da ba su son a san suna da shi. Na uku maɗaurinsa na fata ne, shuɗi mai duhu, a ƙasan fuskarsa kuma akwai wata 'yar taga mai launin sararin sama, da taurari ƙanana, da wata na zinariya yana leƙowa.

Yaya Aminatu ba ta ko yi shawara ba, ta ɗauki mai duwatsun. Ta ce wannan shi ne na lefe, tun daga bakin ƙofa mata za su hango shi.

"Ke dai Yaya, in abu bai kashe ido ba, ba kwaliti ba ne a wurinki."

"Lefe don idon mata ake yin shi, ba don kai ba, sarkin iyayi."

Ya yi dariya ya ɗauki na ukun. Ya shiga yi mata bayani yadda ya saba yi wa kwastomomi. Ya ce wannan ba ya aiki da batir, motsin hannun mai shi ne ke ba shi rai. Watan da ke tagar kuma ba zane ba ne, tafiya yake yi tare da na sama: ya tsaya siriri, ya yi ta cika har ya zama da'ira, sannan ya rage ya ɓuya. Ko hadari ya rufe sama, mai agogon ya san inda wata yake.

Ta karɓa ta kai kusa da ido. Sai ya ga fuskarta ta canza, ta ajiye shi da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya.

"Kai wa Bakanon nan abinshi. Ɗauki ɗaya cikin biyun."

"Me ya yi?"

"Wata yanzu ba irin wanda ka bari ba ne, Abdulƙarim."

Ta so ta ƙara magana, amma ba a ambaton mugun abu a kan kayan aure, sai ta haɗiye. Shi kuwa ya ɗauka son ƙyalƙyali ne kawai irin nata. Ai shi ya san abin da wata yake nufi a wurinsa da Mansura. A Damari ta ƙasar Sabuwa suka yi ƙuruciya, lokacin da ake kai shi hutu gidan kakarsa. Idan aka yi farin wata, yaran gari kaf sai dandali. Shi da Uwais, yayan Mansura, su ne gwanayen langa, ita kuma tana 'yar mitsitsiya, a zaunar da ita a kan turmi ta riƙe musu riguna, ta yi barci rungume da su. Yana Dubai ya ji labarin 'yan bindiga sun shiga Damari sun tafi da Uwais, iyayensa kuma sun yi hijira zuwa Faskari. Kiran jaje ya yi, Mansura ta ɗauka, daga nan hira ta ɗore har ta zama abin da ta zama. Ba ta taɓa ba shi labarin daren ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Yana ganin in ya ba ta wannan agogon, Damarin da suka sani ce ya ɗaura mata a hannu.

Ya tambayi kwanan wata, ya lissafa ranar kai lefe, ya sa ɗan tsinke a wani rami a gefen agogon ya daidaita shi. Ran da za a buɗe akwatin, watan zai kasance a cike. Har murna ya yi da dacewar.

Ranar kai lefe mata suka fita da sassafe, don babu mai son la'asar ta same shi a hanyar Sheme. Abdulƙarim ya wuni yana duba waya. Bai yi tsammanin dawowarsu kafin azahar ba, sai ga motar ta tsaya a ƙofar gida, babu guɗa, babu hayaniya. Direba ya fara sauke akwatunan da aka tafi da su, ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Aminatu ta shigo ta zauna a ƙasa ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce da farko komai lafiya, an tarbe su da fura da soyayyun kaji, ana ɗaga kaya ana sa albarka. Da aka zo kan agogon, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, duk wadda ta karɓa sai ta yi shiru ta miƙa gaba, har ya isa hannun Inna Sa'adiya, mahaifiyar Mansura. Inna ta dube shi ta daɗe. Sannan ta miƙe tsaye, ta tambayi mutanen ɗakin, da wata murya da ba tata ba, wa ya shigo mata da shi gida da rana tsaka. Ta shige ƙuryar ɗaki ta turo ƙofa. Can sai ta aiko a ce a kwashe kayan, babu aure a gidanta sai ɗanta ya dawo. Agogon kuwa yana hannunta, ba wanda ya iya cewa ta bayar.

Da yamma ya samu Mansura a waya. Muryarta ta dishe. Ya fara ba ta haƙuri bai ma san laifinsa ba, ta ce ya saurara, yau za ta faɗa masa abin da ba a faɗa a gidansu.

Daren sha huɗu ne, in ji ta. Mutanen daji sun fi son irin wannan daren, don ba su buƙatar kunna fitilar babur. Da aka ji su, kowa ya faɗa gonar masara da ke bayan gida, har da Uwais. Sai ya tuna shanun huɗa na ɗaure, ya koma ya kwance su. Inna na kwance cikin masara, Mansura ta toshe mata baki da hannu, Innar tana kallon komai tar kamar da rana: farar rigarsa, igiyar da aka ɗaure shi da ita, yadda ya waiwayo wajen gonar kafin babur ɗin ya tashi. An yi waya da su a farkon lamarin, daga baya layin ya mutu. Babu gawa, babu labari.

"Inna cewa take, da duhu ne da ba su gan shi ba. Da duhu ne da ita ma ba ta gani ba. Tun daga ranar, in wata ya fara cika, tun magariba take toshe taga da tsumma. Da ƙyar Baba ya shawo kanta ta yarda da maganarmu, Abdul. Sai ga shi ka aiko mata da daren a cikin akwati."

Sai ya ce ta bari ya zo ya ɗauke ta kawai, Baba ai ya yarda, kuma shi ne waliyyi. Ta ce a'a. Hannun da ta toshe bakin uwarta da shi har yau tana jin ɗumin hawayen a cikinsa, ba za ta fita gidan nan Inna na bayan ƙofa ba.

"In kana iya jira, ka jira. In ba ka iyawa, wallahi na yafe maka tun yanzu."

Kafin mako ya zagayo magana ta canza kama a gari. Aka fara cewa wane ne ke buƙatar agogon da ke faɗa masa daren da wata zai cika, in ba mai hulɗa da masu tafiyar dare ba? Yaro ya ɓace shekaru, ya dawo da kaya masu tsada, wa ya ga shagon da yake faɗa? Kalmar infoma ba wanda ya furta ta a gabansa, amma ya gan ta a majalisar mai shayi, inda ake matsawa a ba shi wuri fiye da yadda yake buƙata. A wannan ƙasa kuwa, kalmar nan ta isa ta sa a wayi gari babu mutum.

Yaya Aminatu ta tayar da hankali. Ta ce an dawo musu da lefe a gaban mata, an kuma ɓata masa suna, me ya rage? Ga 'yan mata nan a Ƙanƙara, akwatunan ma ba sai an sake ba. In kuma ba ya so, ya koma inda ya fito, tunda dattijon nasa kullum sai ya kira yana cewa gurbinsa na nan. Ta yi kuka ta ce ba ta raine shi don a kashe mata shi a kan agogo ba.

Maganar komawa ta shige shi ƙwarai. Ya ɗauko fasfo ya ajiye ya fi a ƙirga. Can ba mai kallonsa, ba mai tsayar da hira don babur. Amma duk lokacin da ya rufe ido sai ya ga Uwais ya waiwayo wajen gonar masara, shi da bai ma ga abin ba. Ya lura cewa tun da ya dawo yake jin haushin garin don ya ƙi zama yadda ya bar shi, bai taɓa tambayar kowa me aka yi masa ba.

Ya kai wa dillalin Kano agogunansa biyu, ya dawo ya kama ɗan shago a bakin kasuwa yana gyaran agogo da waya. Duk Juma'a kuma sai ya hau mota zuwa Faskari, ya yi sallama a zauren gidan hayar da su Mansura ke zaune, ya gaida mahaifinta Baba Rabo, ya ce a gaida Inna. Ba a taɓa dawo masa da amsa ba. Mansura ma bai neme ta ba, sai dai wani lokaci ya ga kwanon ruwa an turo daga bayan ƙyaure, ya gane hannun. Haka damina ta wuce. Yaya Aminatu ta gaji da faɗa ta koma yi masa ƙunshin ƙuli-ƙuli ya kai wa tsohon.

Da kaka ta yi, aka ce hanya ta ɗan lafa, Baba Rabo ya ce zai je Damari ya kwaso 'yar masarar da wani ɗan'uwansa ya noma masa. Abdulƙarim ya ce zai raka shi. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce ya zo ya ja babur ɗin, shi idonsa ya fara rauni. Da gangan ya sa suka bi ta tsakiyar kasuwar Faskari, yana bayan yaron yana ɗaga wa mutane hannu. Daga ranar maganar infoma ta fara mutuwa, don ba wanda zai ce uban Uwais bai san wanda yake hawa bayansa ba.

Rana na tsaka suka shiga Damari. Abdulƙarim ya tsayar da babur a dandali bai sani ba. Ciyawa ta cinye wurin har gwiwa. Tsamiyar na nan, amma ƙasan da ƙafafunsu suka daddaɓe ya zama jeji. Akwai mutane jefi-jefi, waɗanda ba su da inda za su, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. A gidan su Uwais ƙofar ɗakinsa a buɗe take, zanzaro ya yi gini a jikin ƙusar da yake rataye riga. Turakun shanun na nan a kafe, da guntun igiya a jikin ɗaya. Iska ta kaɗa busasshen karan masara a bayan gida, Abdulƙarim ya juya da sauri, don ya rantse tafiyar mutum ya ji.

Suna ɗure buhu Baba Rabo yake ba shi labari, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce a shekarun nan yaran Damari sun iya lissafin wata fiye da limamai. In ya fara girma, mata su daka gari su ƙulla, a riƙa kwana a kan duwatsu ko cikin rafi har ya fara makara wajen fitowa. Yaron da aka haifa a lokacin nan bai san ana wasa a farin wata ba. Ya ce shi ya daɗe da sallama wa Allah ɗansa, ya so a yi masa sadaka da addu'a, ko yana raye ko ba ya raye addu'a ba ta ɓaci, amma Inna ta ce duk wanda ya dafa abincin sadaka a gidanta ya kashe mata ɗa.

"Ban ga laifinka ba, yaro. Kai watan da ka sani ka sawo. Amma wanda ya daɗe ba ya gida, tambaya ya kamata ya fara yi kafin kyauta."

Abdulƙarim ya ce haka ne, Baba. Ya sunkuya ya ɗauki buhun don kada tsohon ya ga idonsa.

Sai bayan an gama sussuka saƙo ya zo. Wata Juma'a yana zaune a zaure, Baba Rabo ya fito ya ce Inna na kiransa ciki. Ya yi mamaki, don suruka ba ta kiran mai neman ɗiyarta, ko a hanya suka haɗu kaucewa ake yi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin. Labule a sake yake. Mansura na can gefe wajen murhu, ta juya baya, amma ya san ba wutar take kallo ba.

Ya yi gaisuwa. Aka amsa daga ciki. Sannan wani siririn hannu ya fito ta ƙasan labulen ya ajiye agogon a kan tabarma. Agogon ya tsaya. Tun kwana biyu bayan lefe ya tsaya, tunda ba a ɗaura shi ba, watan kuma na nan a cike yadda aka kawo shi.

Inna ta ce kullum sai ta buɗe shi ta duba. Na Allah ya rage, ya ɓace, ya dawo, wannan kuwa yana nan a daren. An ce mata Abdulƙarim ne ya san cikin agogon.

"In kana iya tura shi, to mayar mani da shi baya. Ko da kwana ɗaya ne. Ina son in ga daren da yake gida."

Abdulƙarim ya dubi agogon. Zai iya yi mata dabara, ya tura watan gaba ya zagayo har ya tsaya a gab da cika, ba za ta taɓa ganewa ba. Ya dubi tsinken da ke jikin tabarma, ya dubi labulen.

"Inna, ba zan yi maki ƙarya ba. Ba ya komawa baya. Haƙoran da ke cikinshi gaba kawai suke turawa, in aka tilasta mashi karyewa suke."

Sai ta ce to me ya sa, duk abin duniya, wannan ya zaɓa ya aiko gidanta?

Ya ce don bai sani ba, kuma rashin sanin laifinsa ne, tunda bai tambaya ba. Ya ce shi in ya ga farin wata abokinsa yake tunawa. Bai yi niyyar ƙarawa ba, amma maganar ta fito da kanta. Ya ce duk yaran Damari ba wanda ke son farin wata kamar abokin nasa, saboda tsoron duhu ne da shi, tsoro ba na wasa ba. Duk ƙarfinsa a langa, in wata ya faɗi kafin a tashi, sai ya riƙe wa Abdulƙarim gefen riga har ƙofar gida, yana cewa in ka faɗa wa kowa sai na karya ka gobe. Har ya girma ya fara gemu bai daina ba.

Wani sauti ya fito daga bayan labulen, kamar dariya kamar shaƙuwa. Inna ta ce ita ya ɓoye wa? Ita da yake ce wa ta bar fitila a kunne saboda kunama? Ta yi dariyar sosai, har Mansura ta juyo, don rabon da a ji wannan a gidan tun Damari. Dariyar ta yi ta sirancewa har ta ƙare. Can ta yi magana a hankali, ba da kowa ba.

"Ashe ba cikin duhu suka tafi da shi ba. Yana ganin hanya." Ta ja numfashi. "Uwaisu na yana ganin hanya."

Baba Rabo da ke tsaye a bakin zaure ya dafa bango. Uwais ɗan fari ne, tun da Inna ta haife shi kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Yau ta kira shi. Sannan kukan ya zo, irin wanda aka toshe a gonar masara bai samu fita ba. Mansura ta ruga ta faɗa ɗakin. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Abdulƙarim na durƙushe, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa, har aka kira la'asar.

Da ta natsu sai ta tambayi Malam, mijinta, nawa ga wata yau. Ya ce jiya aka ga sabo. Hannun ya sake fitowa ya turo agogon gabansa.

"To tura shi gaba, ya cim ma na Allah."

Ya zari tsinke ya sa a ramin. Duk dannawa ɗaya sai a ji ɗan ƙas, watan ya matsa. Inna ta ɗage gefen labulen kaɗan tana kallo. Da'irar ta fara cinyewa ta gefe, ta koma rabi, ta koma kamar yankan farce, ta shige bayan shuɗin ta bar taurari kawai. Ya ƙara dannawa, sai ga wani siririn baki ya leƙo ta ɗaya gefen. Ya tsaya nan. Ya girgiza agogon a tafin hannunsa, allurar ta motsa ta kama tafiya.

Ya ce sai dai fa in ba a ɗaura shi ba zai sake tsayawa. Inna ta ce ta ji. Ta kamo hannun Mansura, hannun dama, ta ɗaura mata da kanta, tana lalube har ta samu ramin maɗaurin. Sannan ta ce wa Malam a sayo gero, jibi za a yi wa yaron sadaka. In an gama, a faɗa wa Aminatu ta dawo da akwatunanta, ta kuma yi haƙuri.

Da rana aka ɗaura auren, babu kiɗa, aka kai amarya Ƙanƙara tun kafin la'asar. Yaya Aminatu ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe, ta kuma ce har gobe mai duwatsun ya fi kyau.

Uwais bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Inna ma ba ta warke sarai ba, har yanzu in wata ya cika ba ta son fita tsakar gida. Amma ba ta ƙara yin irin wannan daren ita kaɗai ba. Duk lokacin da Mansura ta dubi hannunta ta ga da'irar ta kusa haɗewa, sai ta fara haɗa kaya, Abdulƙarim ya rufe shago, su kama hanyar Faskari da sauran rana, su yi kwanakin a can.

Masu karatu, tsadar kyauta ba ta isa ta sa ta zama alheri ba, sai mai bayarwa ya san ciwon gidan da zai kai ta. Wanda ya yi kuskure irin na Abdulƙarim kuma, kada ya yi fushi, kada ya gudu, kada ya gyara da ƙarya. Ya zauna a zaure ya yi ta gaisuwa ko ba a amsa ba. Mansura ba ta tsallake uwarta don ta samu miji ba, shi ma bai tsallake ta don ya samu mata ba, sai Allah ya ba su auren, ya kuma bar musu Inna.